Ƙaiƙayi da dusa: aikin da suke yi wa ƙwayar hatsi tun tana gona

Idan aka kai damman gero gida a karkarar Maraɗi ko Damagaram, sauran aiki na hannun mata ne: sussuka, shiƙa, sannan surfe. Iska ta kwashe ƙaiƙayi, a zuba wa awaki dusa, a adana tsaba. Ba mai ganin ƙaiƙayi da wata daraja, in ban da karin maganar da ke cewa ya koma kan masheƙiya. Amma makonni kaɗan kafin girbi, wannan ƙaiƙayin da wannan dusar koraye ne shar, kuma suna cikin masu ciyar da ƙwayar da ake tattalinta.

An daɗe ana koyar da ɗalibai cewa ganye ne madafar shuka, zangarniya kuwa rumbu ce da ke jiran a zuba mata. Gwaje-gwajen da aka yi a kan alkama da sha'ir cikin shekaru sittin da suka wuce sun gyara wannan fahimtar. Muddin zangarniya tana kore, tana haɗa nata abincin da hasken rana, tana kuma cafke iskar da ƙwayoyinta ke fitarwa ta sake mayar da ita abinci. Gudummawar tana ƙaruwa a daidai lokacin da manomi ya fi tsoro, wato sa'ad da ruwa ya ɗauke ko zafi ya sauko alhali ƙwaya ba ta gama cika ba.

Nauyin buhu daga iska yake

Aikin da ake kira photosynthèse a Faransanci, wato haɗa abinci da hasken rana, yana da sauƙin faɗa. Shuka na jawo ruwa daga ƙasa, ta shaƙi iskar kabon, wadda ake rubutawa CO2, ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin ganye waɗanda ido ba ya gani. Koren sinadarin nan mai suna kulorofil ya kama ƙarfin hasken rana, da shi a raba ruwa, a saki oksijin, a ɗaura kabon cikin sukari. Wani enzim da ake kira rubisko shi ne ke kama iskar tun farko. Melvin Calvin na jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa ne suka bi sawun matakan ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1961.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, mafi yawan nauyin hatsi ba daga ƙasa yake fitowa ba. Taki da ƙasa na ba da sinadarai masu muhimmanci, amma kaɗan ne a kan sikeli. Buhun gero mai kilo 100 na ɗauke da kabon kusan kilo 40, kuma kafin a samu wannan sai shuka ta zuƙe kimanin kilo 150 na iskar CO2. Ga shi iskar ba ta da yawa a sarari: cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iskar da ake shaƙa, kashi 420 ne kawai ko ɗan sama da haka.

Nan matsalar take. Duk lokacin da shuka ta buɗe ƙofofinta don ta shaƙi CO2, ruwan jikinta na fita ta nan. A kan kowane ɗigon kabon da ta samu, tana biyan ninkinsa ɗaruruwa na ruwa. Idan ƙasa ta bushe, dole ta rufe ƙofofin don kada ta mutu, kuma da ta rufe, girki ya tsaya. Ganyen gero da ake gani ya naɗe da tsakar rana a ƙarshen damana, abin da yake yi ke nan.

Hanyoyi uku da ƙwaya ke cika

Daga lokacin da gero ya yi bununi zuwa nunar ƙwaya, mako uku ne zuwa huɗu. Alkama kan ɗauki wata ɗaya ko ɗan fiye a ƙasashe masu zafi. Cikin wannan ɗan lokaci ne ake zuba kusan duk abin da za a auna da tiya a kasuwa, kuma ta hanya uku yake zuwa. Akwai sukarin da ganyaye ke yi a kullum, musamman ganyen ƙarshe na can sama da masana ke kira ganyen tuta. Akwai ajiyar da shuka ta tara a cikin kara tun kafin ta fitar da kai. Duk wanda ya taɓa shan takanda ya ɗanɗani irin wannan ajiyar, don takanda dawa ce da ta ƙware wajen tara sukari a kara. Ta uku ita ce zangarniyar da kanta.

Idan aka ɓare zangarniyar alkama tana ɗanya, za a ga kowace ƙwaya na lulluɓe da ɓawo hawa-hawa. Akwai na waje guda biyu da ke rungume da rukunin furanni, akwai na ciki biyu da ke rufe kowace ƙwaya, kuma a kan ɗaya daga cikinsu ne gashin nan mai tsini yake tsirowa a nau'o'in da ke da shi. A ƙarƙashin duka akwai fatar ƙwayar, wadda a cikinta ake samun wani siririn shimfiɗi kore. Dukkansu suna da kulorofil. Ɓawon da gashin suna da ƙofofin shaƙar iska kamar na ganye, a jere cikin layuka.

Zangarniya na da sa'a biyu da ganye ba shi da su. Ita ce a saman kowa, ba mai yi mata inuwa, kuma da yake a tsaye take, tana kama hasken hantsi da na la'asar da ke zuwa a karkace. Sannan ita ce ƙarama a shekaru. Lokacin da ganyayen ƙasa suka tsufa suka yi ɗorawa, ita tana kan ganiyarta. Tazarar da sukarinta zai yi kafin ya isa ƙwaya ma ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, yayin da na ganye sai ya gangara kara ya sake hawowa.

Iskar da ba ta fita waje

Abu mafi ban sha'awa a wannan fanni yana faruwa ne a ɓoye. Ƙwayar da ke girma rayayyiya ce, tana numfashi dare da rana. Mayar da sukari sitaci da gina furotin aiki ne mai cin ƙarfi, kuma don ta samu ƙarfin sai ta ƙona wani ɓangare na sukarin da aka kawo mata, ta fitar da CO2. Da a ce ƙwayar a buɗe take, da wannan iskar ta tafi sarari, an yi asarar kabon da aka sha wahalar kamawa.

Amma a rufe take. Iskar da ta fito daga tsakiyar ƙwaya sai ta ratsa koren shimfiɗin fata, sannan ta ratsa ɓawo, kuma duka biyun a shirye suke su kama ta muddin akwai haske. Hasken rana na iya ratsa ɓawon ya isa ciki, ko da ya rage ƙarfi. A 1996, masu bincike a jami'ar Basalona ta ƙasar Sifaniya, cikinsu har da José Luis Araus wanda ya shafe shekaru yana wannan aiki, sun auna zangarniyar sha'ir da ta alkamar da ake taliya da ita, suka gano cewa sama da rabin iskar da ƙwayoyin ke fitarwa ana sake kama ta kafin ta tsere.

Ribar ta wuce ta kabon kawai. Wannan iska daga cikin gida take, don haka ba sai an buɗe wata ƙofa ba, ba a kuma biyan ko ɗigon ruwa a kanta. Ga shukar da ƙasarta ta bushe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bayan haka, rubisko na da wani aibi da aka sani: idan CO2 ya yi ƙaranci kuma ana zafi, yakan yi kuskure ya kama oksijin a maimakonsa, shuka ta yi asarar ƙarfi wajen gyara ɓarnar. A cikin ɓawon ƙwaya kuwa, inda CO2 ya taru fiye da na sarari nesa ba kusa ba, kuskuren na raguwa sosai.

Akwai kuma fa'ida ta uku, wadda masu bincike a cibiyar nazarin tsirrai ta Gatersleben da ke Jamus suka bayyana a farkon shekarun 2000. Sun soka wasu na'urori masu sirantar allura cikin ƙwayar sha'ir mai girma, suka tarar cewa tsakiyarta kusan babu oksijin. Ƙwayar a cunkushe take, iska ba ta shiga da sauƙi, ga shi tana numfashi da ƙarfi. Oksijin ɗin da koren shimfiɗin fata ke saki idan haske ya same shi yana taimaka wa na ciki su ci gaba da numfashi, aikin sitaci ya ci gaba. Wato dusar da ake ba awaki, tun tana ɗanya, ita ce ke yi wa ƙwaya fifita.

Dalilin da ya sa aka daɗe ba a gane ba

Na'urar da aka saba auna aikin ganye da ita tana maƙale ganyen ne a cikin ɗan akwati mai haske, ta ƙirga yawan CO2 da ya shiga da wanda ya fita. A kan ganye shimfiɗaɗɗe, lissafin na fita daidai. A kan zangarniya kuwa, yana yaudara. Abin da ɓawo ke kamawa da abin da ƙwaya ke fitarwa suna cinye juna, sai na'ura ta nuna kamar ba a yin komai. Kamar mai ƙirga buhunan da ke shiga kasuwar Jibiya ta bakin ƙofa ne: duk cinikin da aka ƙulla a cikin rumfuna ba zai shiga littafinsa ba.

Sai aka koma wasu dabaru, kowace da nata cikas. Wasu suka riƙa lulluɓe zangarniya da takardar alminiyom mai ƴan huda don hana ta haske, sannan su auna yadda ƙwaya ta rage nauyi. Amma lulluɓin na canza zafi da danshin da ke ciki. Wasu suka riƙa yanke ganyaye su ga abin da zangarniya za ta iya ita kaɗai. Amma shuka ba dutse ba ce, idan aka cire mata wani sashe, sauran kan ƙara himma, kara kuma ya buɗe ajiyarsa. Wasu suka shafa wa zangarniya ko ganye maganin ciyawa mai tsayar da aikin kulorofil. Na baya-bayan nan suna duba nau'in kabon mai ɗan nauyi, wanda ake kira kabon 13, domin yawansa ya ɗan bambanta tsakanin sukarin ganye da na zangarniya, don haka ana iya gane asalin abin da ya taru a ƙwaya ba tare da an taɓa shukar ba.

Shi ya sa alƙaluman da aka wallafa a kan alkama suka yi nisa da juna, daga kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin ƙwaya har zuwa sama da rabi. Mai gaggawa zai ce masana ba su san abin da suke yi ba. Gaskiyar ita ce wani ɓangare na bambancin daga hanyar awo yake, wani kuma na ainihi ne: iri ya bambanta da iri, shekara ta bambanta da shekara. Abin da kusan dukkan gwaje-gwajen suka haɗu a kai shi ne alƙiblar: idan ganye ya shiga wahala, ko ta fari ko ta cutar tsatsa ko ta ƙwari, kason zangarniya na hawa.

Gashi da fari

Zangarniya ta fi ganye jure ƙishi. Ɓawonta na da kauri da tauri, da wani farin kaki a bayansa mai rage fitar ruwa, kuma ƙwayoyin halittarsa na tara sinadaran da ke riƙe ruwa idan ƙasa ta fara bushewa. A gonar alkama da aka yanke wa ban ruwa, ganyen tuta ne ke fara naɗewa ya ƙone daga baki, zangarniya kuwa ta ci gaba da zama kore kwanaki bayan haka. Waɗannan ƴan kwanakin su ne bambancin ƙwaya cikakkiya da motsattsiya.

Gashin ma ba ado ba ne. A sha'ir, inda yake da tsawo da faɗi, shi ne ke yin mafi yawan aikin haɗa abinci na zangarniyar. A alkama yana ƙara faɗin koren da ke fuskantar rana sosai, kuma saboda siranta iska na sanyaya shi da sauri. Ba banza ba ne alkamar ƙasashe masu fari, daga Maroko da Aljeriya zuwa Siriya da Habasha, kusan duk mai gashi ce, alhali a Ingila mai yawan ruwa da sanyi yawancin irin da ake shukawa ba su da shi.

Sai dai gashi ba kyauta yake zuwa ba. Shuka na gina shi ne a daidai lokacin da take gina furanni, kuma daga tukunya ɗaya ake ɗiba. A 2016, Greg Rebetzke da abokan aikinsa a hukumar bincike ta CSIRO da ke Ostareliya sun kwatanta jinsunan alkama ƴan uwan juna, waɗanda bambancinsu kawai wasu na da gashi wasu babu, a gonaki masu yawa. Masu gashi sun ba da ƙwayoyi ƙasa da na marasa gashi a yawa, amma manya. Jimillar nauyi ta zo kusan ɗaya. Ribar ta bayyana ne a wajen tankaɗe: masu gashi ba su cika yin ƙananan ƙwayoyin da injin niƙa ke watsarwa ba, musamman a wuraren da aka sha fari da zafi. Ga manomin da mai saye zai rage wa kuɗi saboda motsattsiyar ƙwaya, wannan ma riba ce.

Gardamar da ba a rufe ba

Hatsi kashi biyu ne ta fuskar yadda suke kama iska. Alkama, sha'ir da shinkafa suna miƙa CO2 kai tsaye ga rubisko; ana kiransu C3. Gero, dawa, masara da rake kuwa suna da wani ƙarin mataki: wani enzim daban mai saurin kamu ya fara cafke iskar, a tura ta cikin wasu ƙwayoyin halitta da ke kewaye da jijiyar ganye, a tara ta a can don rubisko ya yi aiki ba kuskure. Su ake kira C4, tsarin da Hal Hatch da Roger Slack suka fayyace a Ostareliya a 1966 suna aiki a kan rake. Wannan tsari ne sirrin da ya sa gero ke yin girki a zafin da alkama ba za ta iya ba, da ruwa kusan rabin nata.

An daɗe da lura cewa ɓawo da fatar ƙwayar alkama na ɗauke da wannan enzim na farko da yawa fiye da ganyenta. A 2016 wata tawaga a jami'ar Queensland ƙarƙashin Robert Henry ta wallafa cewa ta gano ƙwayoyin gadon tsarin C4 suna aiki a cikin fatar ƙwayar alkama, wato shukar C3 na ɓoye da ɗan injin C4 a cikin ƴaƴanta. Labarin ya zagaya duniya. Cikin shekarar, Florian Busch da Graham Farquhar na jami'ar ƙasa da ke Canberra suka mayar da martani cewa hujjar ba ta isa ba: ganin ƙwayoyin gado a kunne ba ya nufin tsarin na gudana, kuma ba a nuna kabon na bin hanyar daga farko zuwa ƙarshe ba. Yawancin masana a yau sun fi karkata ga cewa enzim ɗin na taimakawa ne wajen sake kama iskar numfashi da samar da kayan gina furotin. Ko ma wanne ne gaskiya, ba wanda ke musun cewa ana kama iskar.

Gero, dawa da masara

Mafi yawan wannan bincike a kan alkama da sha'ir aka yi shi, saboda can kuɗin bincike yake. Amma an auna dawa tun da daɗewa. A farkon shekarun 1970, K. S. Fischer da G. L. Wilson a Ostareliya sun nuna cewa kan dawa na samar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ƙwayarsa, kuma idan aka haɗa shi da ganyaye huɗu na sama, sun ɗauke sama da kashi 90 cikin 100 na aikin. Wannan na da amfani ga mai figar ganyen dawa don dabbobi idan ciyawa ta yi wuya: na ƙasa da suka fara tsufa ba su da sauran babban aiki bayan ƙwaya ta kama, amma taɓa huɗun sama ɗiba ce daga rumbu kai tsaye.

Masara ta bi wata hanya dabam. Goyonta a tsakiyar kara yake, cikin inuwar ganyaye, ƙwayoyin kuma a naɗe cikin ɓawo mai hawa da yawa, haske ba ya isa gare su. Ɓawon na waje na ɗan haɗa abinci, amma a hankali, kuma jijiyoyinsa sun yi nesa da juna ta yadda tsarin C4 ba ya cika a cikinsa kamar a ganye. Masara ta dogara ne kusan gaba ɗaya ga ganyayenta, kuma wannan na daga cikin dalilan da fari a lokacin goyo ke yi mata mummunan lahani.

Gero, wanda aka fara nomawa a yankin Sahel shekaru kusan 4,500 da suka wuce kuma Nijar ke shuka shi a fili sama da hekta miliyan 6, yana fitar da kansa kore, a tsaye, a saman kara. Wasu nau'o'in gargajiya irin su zango na ƙasar Maraɗi zangarniyarsu kan kai mita guda ko ta wuce. Akwai kuma gero mai gashi, wanda manoma suka fi so a wuraren da tsuntsaye jan baki ke ɓarna, saboda gashin na tsokane musu ido. Gashin gero ba daga ɓawo yake tsirowa ba kamar na alkama, daga gindin furen yake, don haka ba a ɗauko lissafin alkama a ɗora masa kai tsaye.

Abokan gaba biyu na zangarniyar gero suna nuna yadda lamarin ke buƙatar daidaito. Tsutsar murzuna, wadda ke yi wa zangarniya zanen murɗe, tana cin furanni tana yanke ƴan sandunan da ke riƙe ƙwayoyi, wato tana katse hanyar da sukari ke bi. Shi ya sa cibiyar INRAN da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi suka daɗe suna sakin wani ƙaramin zanzaro mai kashe tsutsar a ƙauyuka. Cutar kuturtar gero kuwa akasin haka take yi: tana mayar da furanni ƙananan ganyaye, zangarniya ta fito kore cunkus kamar tsintsiya. Ga kore ya yi yawa, amma babu ƙwayar da za a zuba wa.

Su ma masu inganta irin dawa sun bi sawun kore, ta ɓangaren ganye da kara. Akwai halin da wasu nau'o'i ke da shi na ƙin bushewa da wuri idan ruwa ya ɗauke bayan fure. An samo fitattun tushensa daga dawar Habasha, an kuma samo wani daga kaurar arewacin Najeriya, kuma cibiyar ICRISAT, mai tasha a Sadore kudu da Yamai, na cikin masu shigar da halin cikin sababbin iri.

Daga sukari zuwa sitaci

Duk inda sukari ya fito, ƙarshensa cikin ƙwaya ne, inda jerin enzim ke ɗaura shi cikin dogayen sarƙoƙi ya zama sitaci, wanda shi ne kusan kashi biyu cikin uku na nauyin tsaba. Zaƙin tumu shaida ce: an gasa zangarniyar ne tun kafin a gama mayar da sukarinta sitaci.

A alkama, ɗaya daga cikin waɗannan enzim ba ya son zafi. Idan aka wuce digiri 30 yana raguwa da aiki, kuma zafin na gaggauta nuna, kwanakin cika su ragu. A nan ko zangarniya da ganye sun kawo sukari, ba mai karɓa. Wannan ne ya sa alkamar rani a fadamun Birnin Ƙonni, da lambunan tsaunukan Abzin, da Kadawa ta Kano, da Jazira ta Sudan take tsere da kalanda. Wanda ya shuka a tsakiyar Nuwamba, ƙwayarsa za ta cika cikin sanyin hunturu. Wanda ya makara zuwa ƙarshen Disamba ko Janairu, zafin Maris zai riske ta tana ruwan nono. Zafin dare ma na da nasa haraji, don yana ƙara numfashi a lokacin da babu hasken da za a sake kama iskar da shi. A cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin, wani nazari na 2004 ya nuna amfanin shinkafar rani na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya da zafin dare ya ƙaru.

Abin da masu inganta iri ke nema yanzu

Gajerun nau'o'in alkama da Norman Borlaug da abokan aikinsa suka yaɗa daga Meziko a shekarun 1960 sun rage tsawon kara, suka ƙara yawan ƙwaya. Gajeren kara na nufin ƙaramar ma'ajiya, ƙwayoyi masu yawa kuma na nufin bakuna masu yawa. Wani nazari da aka yi a Ajantina, inda aka shuka tsofaffin nau'o'i da sababbi gefe da gefe, ya nuna kason zangarniya a cikar ƙwaya ya ƙaru a sababbin. Ba wanda ya zaɓi wannan hali da gangan. Ya biyo bayan zaɓen yawan amfani ne.

Yanzu ana so a zaɓe shi da gangan. A tashar cibiyar CIMMYT da ke Obregón, a busasshen arewa maso yammacin Meziko, Gemma Molero da Matthew Reynolds sun ƙera akwatin awo da ya dace da siffar zangarniya, suka auna nau'o'i masu yawa a fili. Sakamakon da suka wallafa a 2020 ya nuna nau'o'in sun bambanta ƙwarai a ƙarfin zangarniya, kuma ƙarfin ba ya tafiya tare da na ganyen tuta: iri na iya zama gwani a ganye, rago a zangarniya, ko akasin haka. Ma'ana, ana iya haɗa mai ƙarfin ganye da mai ƙarfin zangarniya a samu ɗa da ya gaji duka biyun. Daga wannan cibiya da takwararta ICARDA ne yawancin irin alkama mai jure zafi ke fitowa kafin a gwada shi a wurare irin su Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, sannan ya isa hannun manoman rani.